Gwangwanin Ɗanlahadi da Ƙararrawar Faskari

Sunana Malam Nata'ala Abdulganiyu, tsohon hedimasta, mazaunin Ƙanƙara. Labarin da ake yawo da shi a teburan shayi daga nan har Sabuwa ya cika kurakurai, ni kuwa ban saba ganin kuskure in wuce ban ja masa jan biro ba. Ana cewa wai na yi latti. Ban yi ba. Ga yadda abin ya faru, kowa ya karanta a tsanake, sannan waɗanda hakkina ke wuyansu su sauke.

Duk tsawon aikina, daga Sabuwa inda na fara riƙe alli har firamaren bayan Faskari inda na ajiye shi, ƙararrawa ba ta taɓa kaɗawa ina wajen ƙofa ba. Da ruwan sama, da zazzaɓi, da ranar da kekena ya karye a tsakiyar rafi, a cikin makaranta take samuna. Ban tara gonaki ba, ban gina bene ba. Abin da na tara ke nan. Shi ya sa da tsofaffin ɗalibaina suka shirya karrama ni, abin da suka sa aka sassaƙa a allon da za su ba ni shi ne: malamin da bai taɓa makara ba. Suka sa ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a tsohuwar makarantata ta Faskari. Shugabarsu, Hajiya Khairiyya, wadda a da take gaigayar goruba a ƙarƙashin benci, yanzu kuwa babbar ungozoma ce, ita ta zo har gida ta sanar da ni.

Na riga na gama shirina. Motar haya ta farko tana tashi bayan asuba, a cikinta zan tafi, in isa in sha iska kafin a jera kujeru. Sai ga Ɗanlahadi.

Ɗanlahadi ɗan maƙwabcina ne. Ya bi ta ajina, amma ajin bai bar masa wata alama ba. Yana sayar da wayoyi a Abuja, kuma a makon nan ya dawo gida da wata jar mota mai kujera biyu, marar rufi, cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare. Ranar da ya shigo unguwa sai da aka kwashe turame da duwatsun murhu daga lungu kafin ta wuce.

Ya same ni a zaure ya durƙusa, yana kaɗa makulli a yatsa.

"Malam, na ji wai motar haya za ka shiga. Kai da za a karrama? A cusa ka tsakanin buhun masara da akuya?"

"Buhun masara bai taɓa makarar da ni ba," na ce.

"Wannan motar, Malam, in na taka ta daga nan, kafin ka gama gyara hula mun wuce Sheme. Can Turai da irinta ake tsere."

"Ba tsere zan je ba. Isa nake so."

"Za ka isa har ka gaji da jira."

Na ƙi. Amma da yamma Hajiya Khairiyya ta kira ni a waya, ta ce kwamiti ya karɓi tayin Ɗanlahadi a matsayin gudummawarsa ta tsohon ɗalibi, kuma ƙin shiga zai zama kamar na raina masa. Na amince da sharaɗi ɗaya, mota ta tsaya a ƙofar gidana da an sallame sallar asuba.

Ta tsaya kuwa. Na fito cikin farar babbar riga da ta sha sitaci, na tarar da ita a gindin bishiyar bedi, murfin inji a ɗage, rabin Ɗanlahadi a ciki. Masallata da suka fito sun kewaye shi. A gefe ga Gide, mai gyaran bokiti da fitila, ya hura gawayi yana narka dalma.

"Ɗanlahadi, mene ne wannan?"

Ya ɗago, baƙin mai har goshi. "Ɗan ƙaramin aiki ne, Malam. Ba zan kai babban baƙo da inji mai datti ba. Ka san inji yana numfashi?"

"Na san ni ina numfashi, kuma nawa ya fara sauri."

Ya hau kan tushen bedi don kowa ya gan shi, ya yi bayani. Inji idan ya ɗauki zafi, wani tururi mai haɗe da baƙin mai yana taruwa a cikinsa. Masu ƙera mota sun sa tiyo da ke kwashe tururin nan ya mai da shi ta hanyar da inji ke shaƙar iska, a ƙone shi. To amma man yana bin hanyar yana daskarewa, yana tara datti. Shi ya sa masu motocin tsere ke yanke tiyon a tsakiya su sa ɗan gwangwani, man ya kwanta a gindinsa. Na bincika daga baya, har zuwa nan gaskiya ya faɗa, kuma na ba shi makinsa. Ni ba na cin hakkin ɗalibi.

"A ina ka koyi wannan?" na tambaye shi.

"A bidiyo. Jiya na hau dutsen bayan gari, inda ake samun sabis."

"Ka kalla har ƙarshe?"

"Na kalli rabi sabis ya ɗauke. Sauran rabin ai godiya ce da talla."

Daga nan ya zaro gwangwanin da ya sa aka aiko masa daga Legas. Ɗan ƙaramin abu ne mai ƙyalli, bai fi kofin shayi ba, da baki biyu a samansa. Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Ku dubi abin da suka turo mani. Wannan zai ishi inji irin nawa? Kuma ku duba, baki biyu. Sun ga ɗan ƙauye, sun haɗa ni da mai ɓula."

Ya jefa shi bayan kujera, ya nuna nasa. Babban gwangwanin madarar gari ne da ya karɓo wurin mai shayi. Gide ya bi murfin da dalma ya liƙe shi zagaye, ya dasa masa bututu guda ɗaya tak.

Na ce, "Tsaya. Bakin nan biyu, ba ɗaya shiga ɗaya fita ba ne?"

"Fita?" Ya juya ga jama'a. "Kun ji Malam. Abin da kake son kamawa kake buɗe wa ƙofar fita? Wa ya taɓa ganin tarkon ɓera mai taga?"

Aka yi dariya. Gide ya goge hannu a gwiwa ya ce, "Ni dai, Malam, tun da nake wanga aiki ba a taɓa kawo mani gwangwani a ce in bar mashi ɓula ba. Toshewa ake kawo mani. In na bar ɓula, mi za a ce da ni a kasuwa?"

"To man ya kwanta a gindi. Iskar da ta kawo shi fa, ina za ta?"

"Iska ba ta da nauyi," in ji Ɗanlahadi. "Ta matsa ta zauna. Malam, wannan ba kimiyyar aji huɗu ba ce."

Ana cikin haka yayarsa Lidiya ta leƙo daga ƙofar gidansu da ludayi a hannu. Ita ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a unguwarmu, kuma bakinta ya fi kaskonta zafi.

"Kai Lahadi, in mai kake son tarawa ka zo ka taya ni matsar tunkuza, ko kwalba guda a ga amfaninka."

"Yaya, ki koma wurin kaskonki. Nan wurin injiniyoyi ne."

"Injiniyan da ya gyara mani rediyo har yau sai an mare ta take magana?"

"Ai tana magana."

"Kai ma da an mare ka da wuri, da ka yi shiru." Ta juyo gare ni. "Baba Malam, ka nemi mota. Wannan ko kaza aka ba shi ya kai kasuwa, sai ya tsaya gyara mata fiffike."

Shawara ce mai kyau, amma ta zo a makare. Tana rufe baki na ji hon ɗin motar farko a bakin titi, na hango ta ta wuce cike da mutane, akuya a kan rufi tana kallona. Ta biyu ba ta cika sai rana ta take. Daga wannan lokaci na zama a hannun Ɗanlahadi.

Ya yanke tiyon, ya cusa rabin da ke fitowa daga inji a bututun gwangwani, ya ɗaure da waya. Ɗaya rabin, wanda ke komawa wurin shaƙar iska, ya bar shi yana reto, don bidiyon bai kai nan ba. Ya murɗa makulli. Motar ta yi wani kuka, ta hau sama kamar za ta tashi, ta faɗo kamar za ta mutu, ta sake hawa. Kaji suka watse.

"Murna take yi!" ya ɗaga murya. Ya leƙa ciki yana lalube, tafin hannunsa ya faɗa bakin tiyon da ke reto. Tiyon ya tsotse shi, tsut. Ya yi ihu ya fizge, da jan zobe a tafinsa.

"Tarko ya kama ɓeran farko," in ji Lidiya.

Ya duba ƙasa, ya tsinci totuwar masara, ya cusa a bakin tiyon. Inji ya lafa. Masallata suka yi kabbara, Gide ya gyara hula kamar shi aka yaba. Aka zo rufe murfin inji ya ƙi rufuwa, gwangwanin ya yi tsayi. Aka aro igiyar guga aka ɗaure shi a buɗe kaɗan, kamar bakin mai barci.

Ina so a lura da yadda ake zama a motar nan, domin yana cikin ƙarata. Ba shiga ake yi ba, faɗawa ake yi. Gwiwoyina suka zo daidai kunnuwana. Ɗanlahadi ya ja bel ya ɗaure ni, ya rufe ƙofa, sannan ya sanar da ni cewa ƙofar ɓangarena daga waje kawai take buɗewa.

"Haka suke zuwa, don tsaron manyan mutane," ya ce.

Mun fita Ƙanƙara rana ta ɗaga. Zan faɗi gaskiya, da farko motar ta yi gudu. Gonakin dawa suka zama zare ɗaya, na riƙe hula da hannu biyu. Ɗanlahadi yana tuƙi yana yi wa kansa kirari, yana lissafa garuruwan da za a riƙa kawo masa motoci ya sa musu gwangwani. Ya ce zai buɗe shago a Funtuwa, ya ɗauki Gide aiki. Sai muka ji ƙwam daga gaba.

"Mene ne wannan?"

"Ya fara kamawa, Malam."

Can kuma sai wani siririn fito, kamar buta ta tafasa. Ƙaurin mai ya fara dukan hancina.

"Wannan fa?"

"Yana narkar da abin da ya kama."

Da fiton nan muka isa Sheme. A mararraba akwai shingen 'yan sintiri, ga masu rake da masu tsire da matan Fulani da ƙoren nono a bakin titi. Shugaban 'yan sintirin Sanusi ne, shi ma ɗalibina. Ya rataye bindigarsa ta toka ya rusuna.

"Malam, barka da hanya. An ce yau ranarka ce, mu ma da mun tashi aiki muna nan tafe." Sai idonsa ya faɗa kan igiyar guga. Ya karkata kai yana sauraron fiton. "Kai direba, mi ke kuka a nan? Buɗe mu gani."

Wani mai hankali zai ce ruwa ne ya yi zafi, a wuce. Ɗanlahadi kuwa ya ga taro. Ya tsallake ƙofa, ya kwance igiya, ya ɗaga murfi da hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugu. Daga inda nake ina hangowa ta ƙarƙashin murfin. Gwangwanin madara ya kumbura ya zama ƙwarya, ga tiyo, ga waya an nannaɗe, yana huci yana rawa.

Sanusi ya ja baya. "Wannan mi ne?"

"Ni na haɗa shi da hannuna yau da asuba," in ji Ɗanlahadi. "Babu irinsa a ƙasar Katsina."

Duk wanda ya san halin da yankinmu ke ciki ya san ba a nuna wa mutane kumburarren gwangwani mai waya a bakin shinge. Kafin in buɗe baki, mararraba ta zama kango. Mai tsire ya bar tsirensa a wuta. Nono ya malala har kwalbati. 'Yan sintiri suka koma bayan wata babbar mota, sai bakunan bindiga ke leƙowa.

"Hannu sama! Ku duka!"

Na ɗaga hannu. Ni, a ɗaure a kujera, gwiwa a kunne, ina ɗaga hannu ga yaron da na koya wa rubuta sunansa.

"Sanusi, ni ne fa!"

"Na sani, Malam, ka yi haƙuri! Ƙila kai ma kamo ka ya yi!"

A wannan ya fi kowa kusa da gaskiya.

Ɗanlahadi ya durƙusa a tsakiyar titi yana ƙwala bayanin numfashin inji. Suka sa shi ya rarrafa ya kashe motar. Gwangwanin ya yi dogon nishi, ya saki, ya sake yin ƙwam, kowa ya sake kwanciya.

"In ba shi da illa, rungume shi mu gani!" Sanusi ya ce daga maɓoyarsa.

"Yana da zafi!"

"Ashe ka san halinsa. Rungume!"

Ya rungume. Ya yi murmushi ga jama'a, hawaye na bin kumatunsa, har Sanusi ya gamsu. Mutane suka fara fitowa daga bayan rumfuna, kowa na cewa shi dama bai gudu ba, takalminsa ya bi. Matan nono suka kewaye Ɗanlahadi suna zazzaga masa abin da ba zan rubuta ba. Ni ina duban agogona. Lokacin da na tanada don shan iska ya tafi, amma in aka tashi nan take, za a isa.

Ba a tashi nan take ba. Wani mai rake ya nuna da wuƙarsa inda dalma ta ɗan tsage a gefen murfi, ya ce ga inda fiton ke fita.

"Ashe yoyo ne!" in ji Ɗanlahadi. "Shi ya sa. Gide ya cuce ni."

"Ɗanlahadi," na ce, "tsagar nan ita kaɗai ta rage tana ceton mu. Ka bar ta."

"Malam, kai ka duba agogonka, ni in duba injina."

Ya je wurin mai faci ya karɓo tsohon tub na taya, aka yayyanka masa dogaye. Ya cushe tsagar da sabulu, ya nannaɗe gwangwanin da roba, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Mai rake ya riƙe masa, mai tsire ya ba da shawarar a ƙara zagaye ɗaya. Aka mai da igiya. Da ya ta da motar babu fito, babu ƙwam. Aka yi masa tafi, har da waɗanda suka kwanta a kwalbati.

"Kun ji? Shiru. Aiki ke nan."

Na yi shekaru a gaban aji. Na san aji mai surutu ba abin tsoro ba ne, wanda ya yi tsit shi ne ke shirya wani abu.

Daga Sheme ya kwantar da ƙafa a totur. Cikin motar yana karce kowane tudu, ni ina jin karcewar a ƙashin bayana. Can sai ga itatuwan bedin da na sa yara suka dasa, ga katangar makaranta, ga rumfunan taro. Mutane sun yi layi biyu a wajen ƙofa, na Daudawa, na Tafoki, na Sabuwa, maza da mata, wasu da furfura, ga makaɗa. Na dubi agogo. Da saura. Kaɗan ne, amma da saura. Na yi hamdala, na gyara hula.

"Yanzu ka rage gudu ka shiga a hankali," na ce.

"A hankali? Haka kawai kamar motar gawa? Bari su san mun iso."

Ya cire giya, ya danna totur har ƙasa don ta yi ruri.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Gwangwanin ya tashi. Igiyar guga ta tsinke, murfin inji ya miƙe tsaye, sandar awon mai ta fita kamar kibiya ta tsallake rumfa. Sai ruwan baƙin mai, mai zafi, ya bi ta saman gilashi ya sauka a kanmu, motar ba ta da rufi. Farin hayaƙi ya turnuƙe. Motar ta yi tari sau biyu ta mutu a bakin hanya, jifa ɗaya daga ƙofa.

Mutanenmu a zamanin nan ba sa tsayawa tambaya idan sun ji ƙara. Layi biyun nan suka zama ɗaya, suka kwarara cikin makaranta, makaɗa a gaba. Tsohon masinjan makarantar, wanda aka gayyato don ya kaɗa ƙararrawa idan goma ta cika, ya ɗauka an kawo hari, ya rufe ƙarfen tayar da ke rataye a bishiya, wato ƙararrawar makarantar, da duka ba ƙaƙƙautawa. Aka ja ƙofa aka sa sakata.

Ɗanlahadi fa? Na juya in yi masa magana, kujerarsa babu kowa. Ya tsallake ƙofa, ya wuce mata, ya wuce makaɗa. Shaidu sun tabbatar mini shi ya fara shiga.

Ni kaɗai na rage cikin hayaƙi. Maɓallin bel ya jiƙe da mai yana sulɓewa. Da na samu ya buɗe, na miƙa hannu ta saman ƙofa na lalubo mariƙinta na waje, na fito da gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Ban yi gudu ba, hedimasta ba ya gudu a gaban makaranta. Na taka har ƙofa, mai na ɗiga daga hannun rigata, na ƙwanƙwasa.

"Wane ne?"

"Nata'ala Abdulganiyu."

Aka zare sakata. Hajiya Khairiyya ce a gaba, mayafinta a karkace, takalmi ɗaya a ƙafa. Ta dube ni daga hula har ƙasa, ta dubi motar da ke hayaƙi, ta gane babu wani hari. Na ga dariya tana taso mata. Ta danne, ta haɗa hannu a baya, ta yi irin tsayuwar da nake yi.

"Malam, an kaɗa."

Wani dattijo mai gemu daga baya ya ɗauko muryata. "Daga ina? Me ya tsare ka?" Sai dukan taron, mutanen da ke da jikoki, suka amsa baki ɗaya, "Ba a jin uzuri a bakin ƙofa!"

Na ɗaga agogona. "Ku duba. Goma ba ta cika ba. Wannan ƙararrawar tsoro ce, ba ta lokaci ba."

"Malam, kai ka koya mana," in ji Khairiyya. "Ka ce agogon hannu na mai shi ne, makaranta da ƙararrawa take aiki."

"Idan an kaɗa ta a kan lokaci!"

"Ba ka taɓa faɗa mana wannan ɓangaren ba."

Masinja ya ce shi dai an ce ya kaɗa, ya kaɗa, ba ya kaɗawa sau biyu a rana ɗaya. Mutanen Sabuwa suka goyi bayana, na Daudawa suka ce doka doka ce. Gardama ta kaure, ni ina tsaye a waje, ƙafata ba ta tsallake dokin ƙofa ba. Sai Ɗanlahadi ya ɓullo daga cikin aji, inda ya ɓuya ƙarƙashin tebur, ya ratsa taro yana kaɗe riga.

"Ni dai ku shaida," ya ce, "a kan lokaci na shigo. Kuma na kawo Malam har ƙofa kamar yadda na yi alkawari. Aikin ma ya yi, ku dubi yawan man da ya fitar. Da duk wannan yana cikin inji."

"Yanzu yana jikin Malam," wata ta ce.

"To ai ya fita."

Na sake duban agogo. Suna cikin dariyar nan goma ta cika, ta gota.

Khairiyya ta share hawaye ta matsa gefe. "Malam, wasa muke yi. Shigo, ga kujerarka, ga allonka."

Na dubi allon a kan tebur, na karanta abin da aka sassaƙa. Na dubi dokin ƙofa. In na ɗaga ƙafa na tsallaka a wannan lokaci, bayan ƙararrawa, bayan goma, rubutun nan ya zama ƙarya a gaban shaidu, kuma ni zan karɓe shi da hannuna. Na ja da baya. Aka roƙe ni, aka rusuna, aka ce za a fito da tebur waje. Na ce taron da aka kira a cikin makaranta ba a yin sa a titi. Na juya na tari mai babur, ya shimfiɗa buhu a kujera kafin ya yarda in hau.

To ga abin da nake nema, kuma ba zan rage ko ɗaya ba. Rigar ba ta cikin ƙarata, wannan tsakanin Ɗanlahadi ne da mai ɗakina, kuma na ji ta riga ta kai maganar wurin Lidiya, Allah ya ji ƙansa. Ni abin da nake so, kwamiti ya zauna ya soke waccan ƙararrawar a fili, ya bayyana cewa ta tsoro ce. A sa sabuwar rana. Zan kwana a Faskari, in tako da ƙafata. Ɗanlahadi ya tsaya a bakin ƙofa ta waje, ya faɗa da bakinsa, yadda na Sabuwa da ke layin baya za su ji, cewa gwangwanin baki biyu gare shi don dalili, kuma an faɗa masa. Sai an kaɗa, an rufe, sannan a duba ko za a bar shi ya shigo.

Kafin nan, masu tare ni a hanyar masallaci suna tambayar ƙarfe nawa, da masu yin ƙwam da baki idan na wuce, su sani duk na gane su, kuma na san iyayensu. Latti sai wanda ya shiga bayan an kaɗa. Ni ban shiga ba. Allon yana hannun Khairiyya, rubutunsa gaskiya ne har yau. Duk wanda ya tambaya ina Malam Nata'ala, a ce masa yana hanya.